Shukar da Kawu Ya Hana Ruwa

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa ruwa ake ta yi tun asuba, irin siririn ruwan Birmingham ɗin nan da ba ya zuba da gaske kuma ba ya ɗaukewa. Kafin azahar gidansa na Erdington ya cika har bakin ƙofa. Mutanen Aston sun zo, mu na Manchester mun taho mota-mota, 'yan Ghanan da suke salla tare da shi sun zo da matansu da manyan tukwane. Takalma suka taru a ƙofar falo har sai an tsallaka. Kowa ya zauna sai ya faɗi abin da ya sani game da shi. Wani likita ya ce tun da yake da Kawu bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ina cikin kuka, amma wallahi saura ƙiris dariya ta kuɓuce mini, don duk wanda ya faɗi haka bai taɓa dosar lambun da ke bayan gidan nan da butar ban-ruwa a hannu ba. Maƙwabcinsa, wani tsohon Bature da suka shekara suna gardama ta saman katanga, ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu, ya rasa ko ya cire takalmi ko ya shigo da su. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne yanzu da wa zai yi musu. Aminin Kawu kuwa, dattijon Kumasi da suka yi rabin rayuwarsu tare, gefe ya koma. Ya zauna a kujerar da ya saba zama, yana kallon ta Kawu da ke kusa da ita.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi lokacin da na zo karatu, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, wadda ta yi mini yawa har na gama jami'a. Ina rubuta wannan ne saboda jikokinsa, waɗanda Turanci ya fi zama a bakinsu, kuma abin da suka sani game da shi bai wuce tsoho mai alewa a aljihu ba. Kawu ya fi haka, kuma yana da wuyar sha'ani fiye da haka.

Da yammacin ranar na shiga ɗaki wajen Inna, matarsa. Na same ta tsaye jikin taga tana kallon lambun baya. Ba ta ko juyo ba ta ce:

"Shukar nan dai kada ta bi shi."

Na ce da yardar Allah ba za ta bi shi ba. Ai mai sabon rashi ko me ya roƙa to ake ce masa.

Shukar da take nufi Turawa suna ce mata rock rose, shi kuma furen dutse yake kiranta. 'Yar bishiya ce gajeriya mai yaɗo, da ƙyar take kai wa mutum ƙugu. Ganyenta sirara ne masu danƙo, idan rana ta buge su sai su riƙa wani ƙamshi kamar an sa turaren wuta a maƙwabta. A watan Yuni take fure, fari tas, a yamutse kamar takardar da aka duƙunƙune aka sake buɗewa, da ɗigon ja a gindin kowane ɓangare. Da safe ya buɗe, kafin la'asar ya zube ƙasa, gobe wani ya fito. Wani malami ya taɓa zuwa ziyara, ya ga haka, ya gyara murya ya fara cewa ai misalin duniya ke nan. Kawu ya tare shi ya ce, Malam, fure ne kawai, a bar shi ya huta. Ba ya son a yi wa'azi da shukarsa.

Duk Bahaushen da ya samu ɗan fili a bayan gida a ƙasar nan, alayyahu yake shukawa, da tumatir, da albasa, wani ma har ya jaraba kuɓewa. Kawu shi tsakuwa ya shuka. Ƙasar Erdington ɗin da ya samu laka ce mai riƙe ruwa, sai ya yi ta jido ɓaraguzan bulo da yashi da tsakuwa a bayan mota, har ya tayar da tudu a jikin katangar da rana ta fi haskawa. A kan tudun nan ya dasa abinsa, gindi da yawa. Ya ce asalin shukar daga duwatsun ƙasashen bakin Bahar Rum take, inda ƙasa ba ta da komai kuma ruwa ba ya kwana. Wahala ta saba da ita. Ka ba ta taki, ta yi ganye laɓo-laɓo, sanyin farko ya kashe ta. Ka cika mata ruwa, saiwar ta ruɓe. Ka sare ta har tsohon itace, ba za ta sake toho ba. Ka tone ta ka canza mata wuri, ta yi fushi ta mutu. Mutumin gindin dutse ne shi ma, daga wani ƙauye a ƙasar Bauchi, kuma ina jin abin da ya haɗa jininsu ke nan, ko da yake da ka faɗa masa haka cewa zai yi ka cika surutu.

Yakan ba mu labari wai a can ƙasashen, awaki suna kiwo cikin shukar, danƙon ya manne musu a gemu, sai makiyaya su taje gemun su sayar wa masu haɗa turare. Inna ta ce ita duk ƙaryar Kawunku wannan ta fi ba ta haushi, a ce turaren da mutum yake shafawa daga gemun bunsuru yake. Sai bayan shekaru na gano gaskiya ya faɗa, na kuwa ƙi gaya mata don a zauna lafiya.

Faɗansu mafi girma a kan shukar nan aka yi shi. Wata shekara Kawu ya tafi Umra. Inna ta dubi shukar ta ga abin tausayi, ga rana, ga ƙasa busasshiya, ga mai ita ya tafi. Ta sayo buhun taki ta zuba, ta riƙa ba ta ruwa safe da yamma, har tana murnar zai dawo ya yaba. Ya dawo ya ajiye jaka, ya leƙa baya, ya ga ganye ya fara rawaya. Ni ina gidan, na zo hutu. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce wa ya aike ta, ita ta ce ai ko kare ne ya ga mai ƙishi ya tausaya, ya ce to wannan ba ƙishi take ji ba, kashe ta aka yi da kirki. Inna ta ajiye ludayin hannunta ta rantse ba za ta ƙara taka tudun nan ba, ko wuta ce ta kama. Ta kuwa cika rantsuwarta. Shanyarta ma a ɗaya gefen take yi, ta ba wa tudun baya. Shi kuma ya yi kwanaki yana kewaye-kewaye kafin ya sayo mata atamfa ya ajiye a kan gado. Ban-haƙurin Kawu ke nan, bai san wani ba.

Kawu injiniyan magudanan ruwa ne a council, wato hukumar gari. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, aka fara rufe ɗakunan karatu da wuraren wasan yara, sai aka kira shi aka ce ya je ya huta. Bai so ba, kuma abin ya ci shi ƙwarai. Har ya rasu, da safe yakan sa rigar aiki ya ɗaura agogo, sannan ya fita lambu ya tsuguna yana tsince ciyawa daga cikin tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan aka tambaye shi yaya zaman gida, sai ya ce shi da furen dutse duk an yanke musu kaso, kuma ga su nan.

Abin da ba zan manta masa ba, lokacin da mahaifiyata ta rasu a can ƙasarmu ne. Ina Selly Oak a ɗakin haya, takarduna suna hannun hukuma, ba halin tafiya. Ya zo ya tsaya da mota a waje ya ce in shigo. Har muka isa Erdington bai ce mini yi haƙuri ba, alhali ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Watan Agusta ne, lokacin da yake yankar ƙananan rassa yana kafawa a tukwane, don shukar ba ta daɗewa, in ta yi shekara goma ta yi ƙoƙari, dole kullum a riƙa renon magada. Ya zaunar da ni a kan bokiti ya ce in riƙa cika masa tukwane da yashi da tsakuwa. Na cika, ina kuka, ya karɓa, na sake cikawa. Ban ɗaga kai na ga abin da yake yi ba. Can na ji yana jan hanci, ya ce danƙon ganyen ne ya shiga masa ido. Haka muka yi zaman makokinmu mu biyu har magariba.

To, abin da ya faru bayan rasuwarsa, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan yi fushi ba. Gidan banɗaki ɗaya ne da shi a sama, maza kuwa sun cika falo. Lokacin salla ya yi, wani ya ɗauki buta ya fita baya neman inda zai yi alwala. Ko'ina taɓo ne sai tudun Kawu, mai tsakuwa mai tsabta, inda ruwa yake shigewa nan take. Nan ya tsuguna. Na bayansa ma nan. Kafin ka ce kwabo wurin ya zama wurin alwalar jama'a, salla bayan salla. Mata kuma suka ji an ce shukar marigayi ce, yana ji da ita, sai duk wadda ta wanke shinkafa ta fita ta juye ruwan a gindinta, tana cewa Allah Ya kai ladan kabarinsa.

Ina ɗakin girki ban sani ba sai a rana ta uku, da na fita zubar da shara. Na ga dattawa a jere a kan tudun, ruwa yana malala. Ban san sanda na ce haba jama'a, ku tashi daga nan, kashe ta za ku yi. Duk suka juyo suna kallona kamar na zagi wani. Aminin Kawu ya miƙe a hankali, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya ce da irin Hausarsu ta Kumasi:

"'Yata, ruwan alwala ne fa. Me zai yi in ba albarka ba?"

Mutumin da ya wanke gawar Kawu da hannunsa, ni ce zan tsaya in koya masa shuka? Na samo roba babba na ajiye a ɗaya gefen, wasu suka koma can, wasu suka ce yaran yanzu ba kunya. Na koma Manchester bakin aiki da takaicina.

Maza suka watse, amma Inna tana takaba, mata ba su daina zuwa ba. Kowace ta zo gaisuwa, kafin ta tafi sai ta ɗebi kofi ta fita baya. Wata baiwar Allah daga Aston har da buhun taki ta hau bas da shi. Garin gyaran gira aka rasa ido. Da na zo sadakar arba'in na ga ganye ya yi baƙi yana zuba, na tambayi Inna me ya sa ba ta hana su ba, ita da ta fi kowa sanin abin da ruwa yake yi wa shukar nan. Ta ce:

"Mutum ya taso cikin sanyin nan yana nemar wa mijina lada, in ce masa a'a? Bakina ba zai iya ba."

Sanyi ya sauko a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya daskarar da ita. Ƙananan da ke cikin tukwane su suka fara tafiya, don su aka fi tausaya wa. Manyan da ke kan tudu suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kafin Inna ta fita takaba, guda ɗaya ta rage, wadda take can ƙololuwar tudu a manne da katanga, inda hannu ba ya kaiwa sai an yi miƙa.

Ana cikin haka maganar gida ta taso. An zaftare taimakon haya ga masu ɗakunan da ba kowa a ciki, Inna kuma ita kaɗai ce a gida mai ɗaki uku, ga ciwon gwiwa. Babban ɗansu, wanda nake kira Yaya, yana Manchester kusa da ni, ya ce ta tattara ta dawo wajensa. Ba ta yi gardama ba, ta ce amma da shukar za ta tafi. Ranar kwashe kaya Yaya ya zo da shebur da babbar tukunya. Na tare shi na ce Kawu ya sha faɗa, in aka tone ta mutuwa za ta yi. Ya ce in aka bar ta fa, wa ya san wanda zai shigo, wataƙila ya zuba siminti a wurin. Muka yi ta sa-in-sa a tsakar gida, shi da gaskiyarsa ni da tawa, har ya ce mini ai ba ubana ba ne. Maganar ta yi mini ciwo, har gobe ban manta ba, ko da yake ya ba ni haƙuri a mota. Na ce to a yanki reshe mu tafi da shi. Maƙwabcin nan Bature, da yake jinmu ta saman katanga, ya ce ba lokacinsa ba ne, Kawu sai bayan ta gama fure yake yanka.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da jakarta. Ta ce Yaya ya ajiye shebur. Gara ta rayu a hannun baƙo da ta mutu a hannunta, ita ta riga ta kashe wa Kawu sau ɗaya. Ta shiga mota ba ta waiwaya ba.

A Manchester ba ta saba ba. Ɗakinta yana kallon wurin ajiye motoci. Ta rame, ta rage magana, jikoki su yi mata Turanci ta gyaɗa kai kawai. Da Agusta ya kama sai ta kira ni ta ce in ina da hutu in kai ta Erdington. Ni kam tun daga hanya ina ta tunanin simintin da Yaya ya ambata.

Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar Inna tana ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ta haifi 'ya'yanta a ciki ba. Har sallama ta yi, don bakinta ya saba. Wata matashiyar Baturiya ta buɗe, da yaro a kafaɗa, da alamar barci bai ishe ta ba. Na yi mata bayani. Ta ce mu shigo, tana ta ba mu haƙuri tun daga falo, wai aiki biyu take yi, ba ta da lokacin lambu, tun da ta tare ko sau ɗaya ba ta ba wa komai ruwa ba, mu yafe mata.

Muka fita baya. Ciyawa ta kai gwiwa, keken yara a kife. A saman tudun kuwa ga shukar nan koriya shar, ta yi sababbin rassa ta ko'ina, rana ta buge ta, ƙamshin ya cika wurin. Inna ta kama hannun yarinyar nan da hannu biyu tana sa mata albarka da Hausa, ita kuwa ta rasa me ta yi.

Sannan Inna ta tattare zaninta ta hau tudun, da gwiwar tata, ina riƙe da ita. Ta fito da almakashi daga jaka. Ta kama reshe, ta saki, ta kama wani. Ta juyo ta dube ni ta ce:

"A ina yake yankawa?"

Na ce ban sani ba, Inna.

"Ni ma ban sani ba. Kullum baya nake ba shi."

Nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Maƙwabcin ya ƙaura wajen 'yarsa, babu wanda za a tambaya. Na duba waya, kowa da abin da yake faɗa. Sai muka yi ta yanka iri-iri, dogo da gajere, mai taushi da mai ɗan tauri, muka naɗe a jiƙaƙƙen hankici. A cinyarta ta riƙe su har Manchester. Tukwane dai na iya cikawa, na cika mata da yashi da tsakuwa, ta kafa su da kanta ta jera a taga.

Suka yi ta baƙi suna faɗuwa. Duk wanda ya mutu sai ta zare shi ta ajiye a gefe, ba ta zubarwa. Na daina tambaya, don na ga kowace tambaya ciwo ce.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa zafin ransa, Ya saka masa da shirun da ya yi tare da ni a ranar da magana ba za ta yi amfani ba. Ya sanyaya masa makwanci, Ya ba Inna juriyar abin da ya rage mata.

Sanyi ya fara shigowa, ina wajen aiki, waya ta yi ƙara. Inna ba ta kira na a wajen aiki, sai da na zauna kafin in ɗauka. Ta ce ta ɗaga tukunya ɗaya za ta goge taga, sai ta ga farar saiwa ta leƙo ta ƙasa. Na ce alhamdu lillahi, ya kama ke nan, Inna, ya kama. Sannan ta ce:

"Da na gani, juyawa na yi zan ce masa ya zo ya duba."